Takardar duba haɗarin gobara a sito: aiki ce ko cin kuɗi?

Alhaji_MaiSito_Garwa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda ya sani ya taimaka don Allah. Ina riƙe da sito a nan Garwa shekara 11 ke nan, shinkafa, sukari, man girki, katan-katan na sabulu da taliya. Bana wani kamfani da nake son in zama dillalinsu ya ce ba za su zuba mini kaya ba sai na yi asurans, wato inshora, masu asurans kuma suka ce sai na kawo takardar da ta nuna an duba haɗarin gobara a wurin. Wani yaro ya zo da kwamfuta a jaka ya ce aikinsa ne, da ya faɗi kuɗin sai da na gyara zama. Wai me ake dubawa ne? Shekara 11 ko ashana ba ta taɓa kamawa a wurin nan ba. Ina da ekstenktar, wato tulun kashe gobara, biyu a bango, ina da mai gadi. Me ya rage? Ni dai cin kuɗi na gani.

DanMarwa_88
Wa alaikumus salam. Cin kuɗi ne Alhaji, ka yi ciniki ka biya ka karɓi takardarka. Mu da aka yi mana, mutumin ko cikin shagon bai leƙa ba, a kan tankin babur ya sa hannu.

TsohonPompiye_Benuwe
Ranka ya daɗe Alhaji, bari in yi maka tambaya huɗu. Ba sai ka amsa yanzu ba, ka je ka gani da idonka tukuna. Ekstenktar ɗin nan biyu, yaushe rabon da wani ya sauke su daga bango? Siton ƙofa nawa gare shi, kuma ta biyun tana buɗuwa ko buhuna sun jingina da ita? Mai gadin a ciki yake kwana ko a waje, in a ciki ne mukulli yana hannun wa? Sannan maƙwabcinka na bayan bango me yake sayarwa?

Duba haɗarin gobara ke nan, ba siddabaru ba ne. Wuta ba ta tashi sai abu uku sun haɗu: abin da zai kunna ta, abin da za ta ci, da iska. Iska ba ka da iko da ita. Saura biyun su ne aikinka, ka hana su zama wuri ɗaya. Mai dubawa na ƙwarai zai zaga wurin yana neman abin kunnawa, wato wayar kuran (lantarki), gurub (janareta), murhun mai shayi, guntun taba, walda. Zai dubi abin da wuta za ta ci, kai kuwa kwali da leda da man girki ka tara har rufi. Sai ya ƙirga mutanen da ke shiga wurin, ya tambaya in ta kama nan, wane ta ina zai fita. Daga nan ya rubuta abin da za a gyara, da wanda zai gyara, da ranar da za a gama. Takardar ita ce ƙarshen aikin. Wanda ya fara da takarda, kamar na @DanMarwa_88, ya sayar muku da farar takarda ce kawai mai hatimi.

Na yi shekaru ina aikin pompiye, wato kashe gobara. Da wuya mu je wurin da ya ƙone ba a ce mana "ai dama tun kwanaki muna jin warin waya" ba.

MaiGyaranKuran_Gidar
Baba Pompiye ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Jama'a, wayar da ake ja wa ƙwan fitila daban, wadda ake ja wa priz (soket) daban. Ta ƙwai mai kaurin 1.5 ce, ta priz mai 2.5. Amma sai ka shiga shago ka ga an ɗauki 'yar siririyar waya, wata ma ba tagulla ba ce, an shafa mata launi ne kawai, an ɗora mata firigo biyu da dutsen guga da tukunyar dafa ruwa. Ralonj, wato wayar ƙari mai soket da yawa, mai kyau iyakarsa wat 3500, irin na bakin hanya ko rabin haka ba ya ɗauka. Dutsen guga kaɗai yana iya jan 1000 zuwa 2000. Ku yi lissafi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne disjonkta. Aikinta ta yanke kuran idan nauyi ya yi yawa. Sai ta yi aikinta, mai shago ya ce ta cika faɗuwa, ya kira yaro ya zagaye ta da waya. Ka kori mai gadi don ya cika tashinka daga barci ke nan.

Hajiya_MaiAtamfa
Gaskiya ne Malam. Ku ƙara da maganar ɗauke kuran. Ana ɗaukewa da la'asar, mutum ya manta abin da ya bari a kunne, ya kulle ya tafi gida. Ƙarfe biyun dare a dawo da ita, babu kowa. Shagon tela na kusa da nawa haka ya tafi, dutsen guga a kan tebur da yadin mutane na Salla. Allah ya taimaka ba ta tsallako mana ba, amma hayaƙi ya ɓata mini atamfa ta kusan jaka 400. Tun ranar, duk wanda zai kulle shagona sai ya sauke babbar disjonkta, ko da kuran ko babu.

Bappa_Kilando
Duk wannan dogon bayani ne. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Abin da Allah ya rubuta zai ƙone, ko pompiye ɗari ka ajiye sai ya ƙone.

Modibbo_Jamare
Ɗan uwa, ƙaddara gaskiya ce, amma ba a jingina mata sakaci. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone a Madina da dare, da aka ba Manzon Allah (SAW) labari sai ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, in za ku yi barci ku kashe ta. Bai ce ku bar ta ba tunda an riga an rubuta. Kai ma da kake faɗin haka, kana duba birkin babur ɗinka kafin ka ɗauki fasinja ko kuwa? Kuma ka tuna sito da shago ba naka kaɗai ba ne, akwai ran yaran da ke maka aiki da dukiyar maƙwabci, amana ce.

Bappa_Kilando
Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Birki kam ina dubawa.

Ummi_Kuseri
Ni tambayata, akwai dokar da ta tilasta wannan abu a Kamaru, ko dai masu asurans ne suka ƙirƙiro?

Sakatare_Lauya
@Ummi_Kuseri akwai. Dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992 ta ɗora wa mai wurin aiki nauyin lafiyar ma'aikatansa, kuma akwai umarnin ministan ƙwadago mai lamba 039 na 26 ga Nuwamba 1984 da ya fayyace matakan tsafta da kariya a wuraren aiki, har da maganar gobara. Sai kuma doka ta 14 ga Yuli 1998 a kan wuraren da aka lissafa a matsayin masu haɗari ko masu cutarwa, irin su ma'ajiyar mai da gas da masana'antu. Ta kasa su gida biyu. Na rukunin farko sai da izini, kuma ana neman su kawo nazarin haɗari da tsarin gaggawa. Na biyu sanarwa suke yi.

Alhaji, abin da ya fi shafarka shi ne ɓangaren asurans. Dokar CIMA, wato dokar asurans ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, wadda Kamaru da Chadi da Nijar duk suke ƙarƙashinta, ta ce in ka ɓoye gaskiya da gangan lokacin ƙulla yarjejeniya, yarjejeniyar ta rushe. In ba da gangan ba ne, a rage maka abin da za a biya. To ka ga takardar kan tankin babur ranar da ka fi bukatarta ita za ta juya maka baya. Ta ce ƙofa biyu a buɗe, mai bincike ya zo ya tarar da ta bayan an yi mata walda.

DanMarwa_88
To fa. Wannan ban sani ba. Tawa takardar ma cewa ta yi ina da ekstenktar uku, ɗaya gare ni.

Abba_Manchesta
Gaisuwa daga Ingila, ɗan Gaundare ne ni. Nan ina aiki a wani babban sito, kuma abin da Alhaji ke tambaya doka ce tsayayya tun 2005, ta fara aiki 2006, a Ingila da Wales. Kowane wurin da ba gidan zama ba ne, shago, ofis, makaranta, masallaci, coci, dole a sami mutum guda da aka ce shi ne mai alhaki, kuma shi za a kama. Mataki biyar suke bi, kusan abin da Baba Pompiye ya faɗa ne: gano abin da zai jawo wuta, gano waɗanda ke cikin haɗari, cire haɗarin ko rage shi, rubutawa da koya wa ma'aikata, sai sake dubawa lokaci-lokaci. Da can sai mai ma'aikata 5 ko fiye ake tilasta wa rubutawa, daga Oktoba 2023 kowa sai ya rubuta. Abin da zai ba ku mamaki, dokar ba ta ce sai ka ɗauko ƙwararre ba. In wurinka ƙarami ne kuma ka san abin da kake yi, kai da kanka za ka iya.

Sarkin_Zolaya
Abba ka zauna cikin sanyinka. Nan in ka rubuta "sake dubawa lokaci-lokaci" sai a tambaye ka nawa ne kuɗin mai na mai dubawar.

Abba_Manchesta
Haha, ban ce a kwafo komai ba. Cewa na yi zagaya wurinka da biro da takarda bai bukatar biza.

Anti_MaiKeke_Marwa
Bari in ba ku nawa labarin, don ni ba kaya ne damuwata ba, mutane ne. Ina koya wa 'yan mata ɗinki, su 22, a bene hawa ɗaya. Matakala guda ce, tagogi duk da ƙarfe saboda ɓarayi, ƙasa kuma mai gidan ya ba wani haya yana sayar da katifa. Ban taɓa kawo komai a raina ba. Wata rana ƙanen mijina da ya yi aikin kashe gobara ya kawo mini saƙo, ya tsaya a bakin matakala ya yi shiru, sai ya ce "Yaya, in katifun nan suka kama, ta ina yaran nan za su bi?" Wallahi na rasa amsa. Ya ce mini soso in ya kama, hayaƙinsa baƙi ne mai guba, kuma matakala ce zai bi ya hau kamar bututu. Ya ce yawancin waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ya kashe su kafin wutar ta iso.

Abin da muka yi ba shi da yawa. An yanke ƙarfen taga ɗaya ta baya aka mayar da shi mai buɗewa, mukullin yana rataye a ƙusa kusa da ita, aka kafa tsanin ƙarfe zuwa tsakar gidan maƙwabta da izininsu. Na daina sa kwaɗo a ƙofar ƙasa lokacin aiki, da can ina sawa don kada su riƙa zamewa zuwa kasuwa. Sai muka gwada fita. Karon farko minti 4 da wani abu, wata ta koma ɗauko waya, wata takalmi, ga dariya. Yanzu ba su kai minti ɗaya da rabi. Akwai guda ɗaya mai lalurar ƙafa, na mayar da kekenta kusa da ƙofa, na kuma sa mutum biyu su ne masu riƙe ta.

Duk abin bai kai kuɗin keken ɗinki ɗaya ba. Mai katifar ne dai har yau muna kai ruwa rana.

Malama_Zainabu_Mokolo
Anti Allah ya saka. Maganar makarantu ta fi komai tayar mini da hankali. Ku tuna Yamai a Afrilun 2021, yara 20 suka rasu a azuzuwan zana, sannan Maraɗi a Nuwamban shekarar, fiye da 20. Mu ma muna da irin waɗannan rumfunan, ga ɗakunan kwanan almajirai da ake kullewa ta waje da dare wai don kada su yawo.

TsohonPompiye_Benuwe
Anti, abin da kika yi shi ne duba haɗarin gobara, ko da ba ki rubuta ba. Ki rubuta shi ma, shafi ɗaya ya isa, don wadda za ta riƙe wurin ranar da ba kya nan. Ki ƙara abu ɗaya: wurin taruwa a waje, da kiran suna. Na ga mutum ya koma cikin wuta neman wanda ya riga ya fita ta wata ƙofa. Kuma ki koya musu in hayaƙi ya cika su sunkuya ƙasa, iska mai kyau can take.

A kan rufi ma a lura. Ana cikin gasar cin kofin Afirka, wadda mu ma aka buga mana a filin Rumde Ajiya, gidan rawa ya kama a unguwar Bastos ta Yawunde ranar 23 ga Janairu 2022, mutum 17 suka rasu. Hukuma ta ce wasan tartsatsin wuta ne ya kama silin. Masu zauren biki da ke lulluɓe rufi da yadi da leda don ado, su ji.

Jibrin_Njamena
Salam daga Chadi. A gyara mini in na yi kuskure, lambar pompiye a wajenku 117 ce ko? Ina yawan ƙetarowa Kuseri da kaya.

Ummi_Kuseri
A'a, 117 'yan sanda ce. Pompiye 118.

Jibrin_Njamena
Na gode Hajiya. Tamu 18 ce. Mu nan abin da ya buɗe wa mutane ido shi ne daren 18 ga Yuni 2024, da ma'ajiyar makaman soja ta unguwar Guji a Njamena ta kama. Gwamnati ta ce mutum 9 suka rasu, 46 suka ji rauni. Gari ya kwana yana girgiza. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne tambayar Baba Pompiye ta huɗu: me ke bayan bangonka? Gidaje sun zo sun kewaye wurin da da can daji ne. Kana iya gyara naka tsaf, haɗarinka yana gidan maƙwabci.

Sarkin_Zolaya
Tunda an zo maganar maƙwabci, a faɗi sunan abin mana. Zuwa-zuwa, fetur ɗin bumburutu. Kowa yana kewaye-kewaye.

MaiBidon_Fotokol
Na san za a zo kanmu. Da wannan sana'ar muke ci da iyali, kuma ku ɗin nan ku ne masu saye. Mu ma ba mahaukata ba ne, ba ma barin mai taba ya matso.

TsohonPompiye_Benuwe
Ba wanda ya ce ka bar neman abincinka, ɗana. Amma taba ba ita kaɗai ba ce. Ba ruwan esans (fetur) ne ke kamawa ba, tururinsa ne, kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi. Yana iya fita ta ƙarƙashin ƙofa ya bi kwata ya je ya sami murhun mai ƙosai, wutar ta biyo shi ta dawo har bidon, wato jarkar man. Ko a wuri mai sanyin ƙanƙara esans yana fitar da wannan tururi, balle Maris da Afrilu da muke haura digiri 40. Gazuwal (dizal) ya fi shi haƙuri nesa ba kusa ba. Gas na girki shi ma ƙasa yake kwanciya in ya zuba, shi ya sa in ka ji warinsa ba ka taɓa makunnin ƙwai, ka buɗe ƙofa ka rufe kan tulun.

In dole sai ka ajiye, kada ya zama ɗakin da ake kwana ko wanda ke rufe ruf, kada ka juye daga bidon zuwa kwalba kusa da gurub mai aiki, kuma ka ajiye bokitin yashi. Ruwa a kan esans ƙara masa ƙafa ne, yana yawo a kansa. Mu da muka manyanta ba mu manta Nsam ba, 14 ga Fabrairu 1998 a Yawunde, mai ya zube daga taragun jirgin ƙasa, mutane suka zo ɗiba da bokiti. Waɗanda suka rasu sun haura 100.

MaiBidon_Fotokol
Yashin ina da shi. Maganar kwata ce ban taɓa ji ba.

Kawu_Auduga
Kowace sana'a da irin wutarta. Na yi aiki a injin gurzar auduga shekaru. Auduga munafuka ce, tartsatsi ɗaya daga ƙarfe ko dutse ya shiga cikin dami, a ɗaure shi a jera, yana ci a ciki ba hayaƙi ba komai, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ya fito fili. Shi ya sa ake ware sabon dami a gefe, ana barin fili tsakanin jeri da jeri. Tunkuza ma haka, da tsumman da ya sha man gyaɗa, in aka tara su wuri ɗaya suna iya yin zafi da kansu har su kama. Alhaji mai man girki, kwalayen da mai ya jiƙa kada a tara su a lungu. Wanda zai duba maka wuri in bai san kayan da kake ajiyewa ba, aikin banza zai yi.

Hajiya_MaiAtamfa
To ni duk na ji, amma a kasuwa mutum ɗaya me zai iya? Layin da aka yanka don mota ta wuce, yau ko baro sai an yi masa addu'a. Kowa ya ƙaro rumfa taku biyu. Ranar da ta tela ta kama, motar pompiye ta zo da wuri, ba zan yi musu ƙarya ba, amma nesa ta tsaya, sai da aka yi ta haɗa tiyo.

TsohonPompiye_Benuwe
Hajiya kin faɗi ciwon. Sai a ce mun zo ba ruwa. Ki ɗauka mota ta ɗauko lita 3000, tiyo yana fitar da 500 a minti, minti 6 ta ƙare. In akwai bakin famfon gobara kusa, a ci gaba. In an gina shago a kansa, ko babu ruwa a layin, sai a koma ɗebowa. Garwa ma da sauƙi ga Benuwe. Marwa da rani mayo, wato kogin, yashi ne zalla. Don haka kasuwa dubawarta ta gayya ce: shugabannin layi, meri (ofishin magajin gari), da pompiye su zaga tare. Ku je ku same su a barikinsu ku gayyace su, sun fi son a kira su kafin ta kama.

DanMarwa_88
Shugaban layinmu shi ya fara ƙara rumfa, wa zai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa?

Sadiya_Sola
A ƙara da sola, tunda yanzu kowa ya sa. Batir mai ruwa in yana caji yana fitar da iskar da ke kamawa, bai kamata a kulle shi a akwati ko ƙarƙashin kanta ba. Kuma a sa fis tsakanin batir da na'urar juya wuta, da yawa ba sa sawa. Masu cajin waya kuma, batirin da ya kumbura a raba shi da sauran, kada a bar wayoyi 50 a jone a kulle shago.

Bappa_Kilando
Malam @Modibbo_Jamare, shi asurans ɗin ma ya halatta? Tunda daga nan maganar ta taso.

Modibbo_Jamare
Wannan babi ne mai tsawo kuma malamai sun yi magana a kai, a buɗe masa zaure daban kada mu ɓatar wa Alhaji da tambayarsa.

Alhaji_MaiSito_Garwa
Jama'a na gode, na karanta duka. Baba Pompiye, na je na duba kamar yadda ka ce, kuma ba zan ɓoye ba. Ekstenktar ɗaya allurarta ta sauka daga kore, ɗayar kuma takardar jikinta ta nuna rabon da a duba ta tun 2019. Yarana uku babu wanda ya san yadda ake cire fil ɗin. Ƙofar baya buhun sukari sun kai rufi a jikinta, mukullinta ma an neme shi an rasa. Mai gadi a ciki yake kwana lokacin hunturu saboda sanyi, ni nake kulle shi ta waje da hannuna, kuma na tarar da ɗan murhun gawayi a bayan katan ɗin sabulu. Jikina ya yi sanyi.

Na huɗun ne matsala. Bayan bangona duro-duro ne na zuwa-zuwa, kuma mai su surukina ne, yayan uwargida.

Sarkin_Zolaya
Alhaji wannan kuma ba pompiye za ka kira ba, liman za ka kira.

TsohonPompiye_Benuwe
Alhamdu lillahi da ka gani da idonka. Mai gadi tukuna, tun daren yau: ko ya kwana a waje ka saya masa bargo, ko mukulli ya zauna a hannunsa, murhu kuma ya fita. Ekstenktar a kai a cika, a riƙa duba ta duk shekara. Mai hoda ka riƙa juya ta lokaci-lokaci don hodar na dunƙulewa. Girman siton ne zai nuna ko biyu sun isa, a ƙa'idar Faransa da masu asurans ɗinmu suka saba bi, guda ɗaya mai lita 6 ce ga kowace murabba'in mita 200. Ka nuna wa yaran: a cire fil, a nufi gindin wutar ba harshenta ba, ƙofa tana bayanka. Su sani ko rabin minti ba ta kaiwa ta ƙare, don haka ta ƙaramar wuta ce. In ta fi ƙarfinsu su fita su kira 118. Kaya kuma a janye su daga jikin ƙwai da allon kuran, a bar hanya a tsakiya.

Yaron mai kwamfuta, ka tambaye shi inda ya koya da wuraren da ya yi wa, ka tambayi masu asurans ko sun yarda da sa hannunsa. In ya zo bai tambaye ka abin da ke bayan bango ba, ka sallame shi.

DanMarwa_88
Har yanzu ni ina nan a kan bakana, kuɗin da suke yanka ya yi yawa. Abin da Baba ya yi nan kyauta shi za su rubuta da Faransanci su karɓi jaka ɗari-ɗari.

Sakatare_Lauya
Kuɗin a yi ciniki, ba aya ba ce. Amma Alhaji ka tabbata maganar duro ta shiga takardar, ko surukin ya ji daɗi ko bai ji ba.

Anti_MaiKeke_Marwa
Alhaji kada ka tunkare shi kai tsaye, ka bi ta wajen Hajiya. Ka kai ta siton ta ga bangon da idonta, ka nuna mata inda mai gadi yake shimfiɗa tabarma. Ni da mai katifata da akwai wadda zan bi ta wajenta da tuni an gama.

Alhaji_MaiSito_Garwa
Haka zan yi Anti. Yau dai an kwashe sukarin, mai walda zai zo gobe bayan azahar ya yanke kwaɗon baya. @MaiGyaranKuran_Gidar in kana shigowa Garwa cikin makon nan ka yi mini magana ta gefe, akwai wata waya da na ga an ja daga allona ta bi ta saman bango, kuma ban san inda ta nufa ba.

MaiGyaranKuran_Gidar
Ranar Alhamis in sha Allah. Kada kowa ya taɓa ta kafin in zo. Amma Alhaji, ta wane bangon ta bi?